Shekarar da Na Mai da Inna Shanabo

Ku 'ya'yana, da ku ɗiyan Yaya Mamman, tunda har yau ba ku daina raɗe-raɗi a bayan idona ba, to ku matso ku ji daga bakin mai ita. Na san abin da ake faɗi. Wai Bilki ta ɗauki uwarta tsohuwa mara lafiya, ta kai ta cikin duwatsu ta yar a hannun arna, ta dawo Katsina ko a jikinta. Wai saboda taurin kaina ne uwarmu ba ta kwanta maƙabarta ɗaya da mijinta ba. Wasunku tun suna goye suke jin wannan, da nono suka haɗiye shi. Taurin kai kam ina da shi, ban taɓa musu ba, marigayi maigidana ma ya sha faɗi. Amma sauran maganar ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba zan shiga kabari in bar ta tana yawo gida-gida ba. Na yi shiru ne saboda Yaya yana raye. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanshi, ni ma ido ya fara gardama da takarda, don haka zan rubuta yadda aka yi, mai jin haushi ya ji.

Gidanmu na Ƙofar Sauri gida ne na masu ji da asali. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Hajiya Tsohuwa, in ta miƙe ƙafa a tabarma tana iya jero maka kakanni bakwai ba ta numfasa ba, da wanda ya auri wa, da wanda bai isa a ba shi ba. In aka kawo maganar aure, ba ta tambayar hali ko sana'a, ɗan wane gida ne kawai. A cikin wannan gida uwata, Inna, ta yi shekara sittin ba ta da kowa. Ranar Sallah sa'o'ina na zagayen gidajen kawunnansu suna tara kwabbai, ni da Yaya ba mu da dangin uwa ko na rantsuwa. In na tambaya sai a ce marainiya ce daga wani ƙauye wajen Zariya, Baba ya gan ta lokacin da yake aikin gandun daji, ya tausaya mata ya aure ta. Inna ba ta taɓa cewa e ba, ba ta taɓa cewa a'a ba. Mace ce mai ƙarancin magana, Hausarta tsaf, amma a hankali take fitar da ita kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abu ɗaya ne ba ta iya bari ba. In ta ɗauko tulu ko ƙwaryar hatsi tana zaton ba mai kallo, a kafaɗa take ɗorawa, ba a ka ba. Da Hajiya Tsohuwa ta hango, sai ka ji muryarta daga ƙofar ɗaki.

"Hauwa, mi aka yi kai dominshi? Sauke mani abin nan kafin baƙi su shigo."

Inna sai ta sauke, ta naɗa gammo, ta mai da shi ka. Ni kuwa ina ƙarama, dariya abin yake ba ni, har ina kwaikwayonta in ta juya baya.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, na riga na yi ritaya daga koyarwa. Baba da Hajiya Tsohuwa sun daɗe a ƙasa, Inna tana hannun Yaya a babban gida, ni ina gidana a Kambarawa. Tsakiyar damina zazzaɓi ya kayar da ita, muka kwantar da ita asibiti. Kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. Rana ta huɗu da hantsi ta buɗe baki ta fara magana, amma ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba Fillanci ba, wani harshe ne mai sauri wanda ban taɓa ji ba, muryarta ma ta sirance kamar ba tata ba. Matan gida suka ja da baya suna a'uziyya. Yaya ya shigo, ya tsaya ya kasa kunne, na ga fuskarshi ta sauya. Nan take ya ce mutanen ɓoye ne suka shige ta, ya aika aka ɗauko malamai biyu. Aka zo da rubutu da tofi, ɗaya ya kama babban yatsanta yana daka tsawa wai aljanin ya faɗi sunanshi. Tsohuwa 'yar tamanin, fata da ƙashi, tana ta maimaita abu ɗaya tana miƙa hannu, ana ta zuba mata karatu a kunne. Ni ma, Allah na tuba, na yarda, har da hawayena.

Ana cikin haka wata nas, mace mai manyan shekaru, ta shigo canza ledar ruwan da ake ƙara mata. Ta tsaya cik. Ta ratsa malaman, ta sunkuya ta ce wa Inna wani abu cikin wannan harshen. Inna ta juyo da kai ta amsa. Matar ta tsiyayo ruwa a kofi, ta tallabo ta ta ba ta, ta shanye tas, ta koma ta kwanta lafiya lau.

"Hajiya, babu aljani a nan," in ji nas ɗin. "Gwaranci take yi. Tun ɗazu ruwan sha take roƙo. Kuma irin na wajenmu ne, can cikin duwatsu bayan Kaduna."

Malaman suka tattara ƙwaryarsu suka sulale. Yaya ya fita, na bi shi har baranda.

"Yaya, ka san da wannan?"

"Rage murya, Bilki."

"Na ce ka sani?"

"Baba ya faɗa mani kafin shi cika, ya ce in riƙe. Kin san gidajen da muka kai ɗiyanmu aure. Kin san bakin mutanen garin nan. Mi tone-tone zai ƙare mu da shi?"

"Ashe ka gane ko mene ne, ka ce iska ce. Gara a ce uwarka na da aljanu da a ce Bagwariya ce?"

Ya gyara zaman hularshi ya nufi mota. Ban taɓa jin haushin ɗan'uwana irin na ranar ba.

Da aka sallame ta, na ce gidana za ta yi jinya, ban kuma nemi izinin kowa ba. Wata rana da la'asar muna ɓarar gyaɗa, na tambaye ta kai tsaye. Ta ajiye gyaɗar hannunta ta ba ni labari. Sunan garinsu Shanabo. Baba ya yi shekara biyu yana aiki a dajinsu, ya sauka kusa da gidan ubanta, suka ga juna suka so juna, ta musulunta, aka sa mata Hauwa, aka ɗaura aure da yardar kowa. Da suka iso Katsina, Hajiya Tsohuwa ta ce in dai za ta zauna gidan, to ta manta da harshen, ta manta da hanyar. Baba ya yi mata alkawarin zai kai ta ganin gida bayan girbi. Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa har ya rasu. Ta baro ƙanwa 'yar shekara shida, wadda ta riƙe mata zane ranar tafiya sai da aka ɓamɓare hannunta.

"Ban ce an zalunce ni ba," in ji Inna. "An ci da ni, an sha da ni, an kai ni Makka. Amma Bilki, akwai ruwa bayan garinmu da ke faɗowa daga kan dutse. Ko'ina kike cikin garin kina jin ƙararshi. Ina so in ƙara jin shi kafin a rufe ni."

Shekara hamsin da ɗoriya ina ɗiyarta, wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙona. Na koma asibiti na nemi nas ɗin nan. Ta san garin. Ta ce ai yanzu baƙi na zuwa daga birane kallon matsirgar ruwan, su sayi tukwane, a zagaya da su ɗakin kayan gargajiya, har da masaukin baƙi an gina. Da wannan na tunkari Yaya a falonshi bayan sallar Juma'a. Da farko ya ce sam. Ya ce hanya, ya ce tsufa, ya ce damina, duk na toshe mashi. Na ce mota tawa ce, direba nawa ne, uwa kuma tamu ce mu biyu, ban zo roƙo ba, sanarwa na zo yi. Da ya ga ba makawa sai ya sauko, amma da sharaɗi.

"Ku je a matsayin 'yan yawon buɗe ido, kamar kowa. Ku ga ruwa, ku sayi tukunya, ku kwana ɗaya ku dawo. Ba neman dangi, ba faɗin ko ita wace ce. In suka gane, gobe za ki gan su ƙofar gidan nan da buhun doya, unguwa na kallo. Ki rantse mani."

Na rantse mashi da Allah. Ku rubuta wannan ku ajiye, don ba zan ɓoye nawa ba: na rantse, kuma na karya. Da na dawo na ciyar da miskinai goma, kuma ban taɓa yin kaffara da daɗin rai irin wannan ba. Inna ma na faɗa mata sharaɗin. Ta ce to. Ita da ta yi shekara sittin tana cewa to, wannan ba baƙon abu ba ne wurinta.

Ƙarshen damina muka tafi. Muka bi Funtuwa, muka wuce Zariya, muka kwana Kaduna don kada ta jigata. Washegari muka saki kwalta muka shiga jar ƙasa, ciyawa ta fi mota tsawo, duwatsu baƙaƙe dama da hagu. Muna gab da garin na hango mata sun fito daga gona a jere, su fi goma, kowace da ƙatuwar ƙwarya shaƙe da doya ko itace, kuma kowace a kafaɗa. Babu mai gammo ko ɗaya. Na ce wa direba ya rage gudu. Kunya ce ta rufe ni, na tuna yadda nake kwaikwayon uwata ina dariya. Inna idonta ya yi rauni, ba ta gan su sosai ba. Ta ce a sauke mata gilashi, ta jingina kai jikin ƙofa tana shaƙar iska.

Wanda ke zagayawa da baƙi wani dattijo ne, Malam Danjuma, tsohon malamin makaranta irina, ɗan garin, Hausarshi kamar ta Bazazzagi. Ya haɗa mu da wasu baƙi daga Abuja, mata da miji da wayoyinsu a sama. Ya fara kai mu ɗakin kayan gargajiya, inda aka jera tsofaffin fartanyu da baka da kibau da ganguna. Ya ce mu Hausawa muke ce masu Gwari, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu. Matar Abuja ta tambaye shi dalilin ɗaukar kaya a kafaɗa, tana 'yar dariya. Ya ce a wurinsu kai sarkin jiki ne, shi ke tunani, ba a ɗora wa sarki kaya. Na saci kallon Inna. Tana tsaye da sandarta cikin farin hijabi, kamar labarin wasu mutane can ake ba ta.

Ƙarar ruwan kuwa tun daga masauki ake jin ta, kamar ruwan sama a kwano. Da muka isa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Kogi guda ne ke faɗowa daga kan dutse mai tsawon bene da bene, fari fat, yana tashi kamar hayaƙi. Inna ba ta iya sauka matakalar ba, muka zaunar da ita kan wani falalen dutse daga sama. Feshin yana iso mata. Ta ɗaga fuska, ta buɗe tafukan hannu, ta daɗe a haka har hijabinta ya jiƙe. Can ta ce a hankali, da Hausa, wai a da ta ɗaya gefen hanyar take, wajen itacen ɗorawa. Malam Danjuma ya juyo da mamaki.

"Hajiya ta taɓa zuwa ne? Ai an fi shekara arba'in da barin waccan hanyar."

"Labari ta ji," na yi maza na ce, na ɗan taɓa ƙafarta.

Ta sauke hannuwanta. Ni da na zo da fushin Yaya, ga ni ina yi mashi aikinshi da bakina. Na tsani kaina a lokacin, amma na ce ai ta ji ruwan, abin da ta roƙa kenan, saura tukunya mu kama hanya.

Wurin masu ginin tukwane wani fili ne ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, randuna da tuluna jere suna shan iska, wasu an gasa an yayyafa masu makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, sun yi baƙi suna sheƙi. Su ba sa zama su yi gini. Ana kifa turmi, a ɗora kasko a kai, mai ginin ta yi ta zagaya shi da baya-baya tana ɗora yumɓu tana ja sama. Wata matashiya ce ke nuna wa baƙi. Da ta gama, Malam Danjuma ya ce ko akwai mai son gwadawa. Matar Abuja ta taɓa da yatsa biyu, aka ɗauke ta hoto. Inna ta miƙa hannu aka sa mata curin yumɓu. Ta murza shi, ta kai hanci, ta ce dakakken tsingaro ya yi kaɗan, zai tsage a wuta. Kafin in ankara ta miƙo mani sandarta, ta tattare hijabi ta soke a ƙugu. Matar da sai an tallabe ta take shiga mota, ita ce ta sunkuya kan turmin nan tana zagayawa da baya, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, ido a rufe. Tukunya ta tashi ƙarama, ba ta kai ta matashiyar kyau ba, don hannun na rawa. Ta gyara bakin da ɗanyen ganye, ta murza totuwar masara a wuyan tukunyar, sannan ta danna babban yatsa sau uku a ƙarƙashin baki, a jere.

Akwai wata tsohuwa zaune a gindin mangwaro tun zuwanmu, ba ta kula kowa ba. Sai ga ta ta taso. Ta zo ta duƙa ta duba tukunyar, ta sa nata yatsan cikin gurbin nan uku. Ta ɗago ta yi wa Malam Danjuma magana da zafi-zafi. Ya juyo wurina.

"Hajiya, Iya ce ke tambaya. Ta ce wannan alamar ta ɗakinsu ce, uwarsu ce ke yin ta, ba mai yin ta a garin nan sai ita. Ta ce wa ya koya wa wannan baƙuwar?"

Inna ta ji tambayar tun kafin a fassara, ai harshenta ne. Amma ba ta amsa ba. Ta tsaya hannu duk yumɓu, ta juyo da fuskarta wajena tana jira. Da na ce mu tafi, wallahi da ta wanke hannu ta bi ni mota, ta mutu ba ta ƙara tada maganar ba. Na ga haka ƙarara a fuskarta. Na tuna rantsuwata, na tuna Yaya, na san in na buɗe baki na rasa shi. Ban yi dogon tunani ba, kada wani ya ce maku ruɗewa na yi.

"Malam, ka faɗa mata ba baƙuwa ba ce. Uwata ce, 'yar garin nan ce. Malamin daji ya aure ta ya tafi da ita Katsina. Inna, yi magana, bakinki ne."

Inna ta ce wani abu gajere. Tsohuwar ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙura mata ido, sannan ta kira wani suna, Shekwonya. Uwata ta amsa. A gabana, da hankalinta garau, ta amsa sunan da ni 'yar cikinta ban taɓa sani ba. Tsohuwar nan ita ce ƙanwar da aka ɓamɓare daga zanenta. Ba su rungumi juna ba. Zama suka yi a ƙasa, gwiwa da gwiwa, Iya ta kama hannuwan Inna tana goge yumɓun da gefen zanenta tana ta faɗa, faɗa sosai, Inna na ba da haƙuri. Malam Danjuma ya ce cewa take yi uwarsu ta mutu tana aika mutane bakin hanya duk bayan girbi, su duba ko an kawo Inna. Ni na samu kututture na zauna na yi kukana, ban damu da wayar mutanen Abuja ba.

Kwana ɗaya ya zama bakwai. Gidan Iya babba ne, rabi na zuwa coci rabi na zuwa masallaci, tukunya ɗaya suke ci. Babban ɗanta musulmi ne, shi ya kawo wa Inna sabuwar buta da darduma ya nuna mata gabas. Jikokin da ke zuwa coci su ke ɗora mata ruwan alwala. To waɗannan su ne arnan da aka ce na yar da ita hannunsu. Inna kuwa ashe mai surutu ce. Ashe tana da barkwanci, tana faɗin abu tsakar gida ta kwashe da dariya, ni ina zaune kamar gunki sai an fassara mani. Rana ta bakwai na ce mata mu shirya. Ta ce in zauna.

"Ki je, Bilki. Ki gaida Mamman, ki ce mashi ban yi fushi ba. Ni dai na zauna."

Ban je da niyyar barinta ba, Allah shaida ne. Sau biyu ina lallashinta, har na ce maganinta fa, ta ce akwai asibitin sha-ka-tafi a garin, jikar Iya ma can take aiki. Na ce mutane fa. Ta ce ta ba mutane shekara sittin, su bar mata ragowar. To ku faɗa mani, ɗaure ta zan yi in jefa a mota? Na buga wa Yaya waya da safe na faɗa mashi komai, ban rage ba. Ya ce na ci amana, na ci rantsuwa, in ban dawo da ita ba kada in ƙara taka gidanshi. Na ce gidan ubana ne, kuma hanyar Shanabo ba a sa mata ƙofa ba, ya zo ya ɗauke ta da kanshi in ya isa ya dubi idonta. Ya kashe waya.

Wata bakwai ta yi a can. Na je sau uku, kowane zuwa ina tarar ta ƙara kumari. Farkon damina aka kira ni jikinta ya tashi, na isa na same ta da sauran magana. Ta ce a nan za a rufe ta, kusa da uwarta, ta faɗa da Hausa ta maimaita da harshensu don kowa ya zama shaida. Ranar Alhamis bayan azahar ta cika, da kalmar shahada a bakinta, kanta a cinyata. Yaya ya ce a sako gawa a mota. Na ce wasiyya ta bari, ba zan yi yinin hanya da uwata cikin zafi don a rufa wa wani asiri ba. Ni na yi mata wanka da hannuna, limamin garin ya sallace ta, sahu ya cika har bakin hanya.

Na iso Katsina ranar sadakar uku, na tarar an riga an shirya labari, wai a asibitin Kaduna ta rasu aka rufe ta can. Ina zaune cikin mata a babban gida, tsakar gida cike, sai surukar Yaya, uwar mijin babbar ɗiyarshi, ta ce Allah sarki, wace maƙabarta ce a Kaduna, tana da 'yan'uwa can su riƙa kai ziyara. Matan gidanmu suka sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba.

"Hajiya, ba Kaduna take ba. Tana Shanabo, ƙasar Gwari, garin da aka haife ta, kusa da kabarin uwarta. Can danginmu na uwa suke, suna kuma gaishe ku."

Kun san abin da ya biyo baya? An yi gulma wata biyu, aka samu wani aka koma kanshi. Ba ɗiyar da aka sako, ba wanda aka hana sahun gaba a masallaci, ba wanda ya fasa cin tuwon gidanmu. Abin da aka rufe bakin baiwar Allah shekara sittin dominshi kenan, gulmar wata biyu. Wannan ne har gobe in na tuna nake jin wuta a ƙirjina.

Yaya kaɗai ne bai huce ba. In na yi mashi sallama yana amsawa, don ya san hukunci, amma daga nan ba ƙari. An yi bukukuwa a gidanshi sai dai in ji a gari. Mutumin da ya goya ni ya kai ni makarantar allo, wanda ya tsaya mani ranar da maigidana ya rasu, ya koma in mun haɗu a gidan gaisuwa sai ya dubi bango. Kada ku zaci bai yi mani ciwo ba. Ya yi, mu biyu kaɗai Inna ta haifa. Da ciwon ajali ya kama shi na je ba a gayyace ni ba, na zauna bakin gado. Ya ce kowa ya fita.

"Ta ce na yi mata laifi?"

"Ba ta taɓa cewa ba, Yaya. Amma duk motar da ta tsaya bakin gidan, sai ta ce a leƙa ko kai ne."

Ya juya fuska jikin bango, kafaɗarshi na rawa. Na so in ce mashi wani abu mai sanyi, ban samu ba, kuma ba zan yi mashi ƙarya ba. Na riƙe ƙafarshi har ya yi shiru. Bayan kwana huɗu ya rasu, ba mu ƙara wata magana ba.

Ga yadda aka yi. Na rasa ɗan'uwa yana raye, uwata kuma ta samu wata bakwai tana dariya da bakin da aka haife ta da shi. Da za a mai da ni gindin mangwaron nan yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗi, da ƙarfi ma fiye da na farko. Ku kuma, duk wanda aka tambaye shi asali, ya jero na Ƙofar Sauri yadda ya ga dama, amma ya ƙara da cewa shi jikan Shekwonya ne, mai ginin tukwane ta Shanabo. Wanda bakinshi ya yi mashi nauyi, kada ya wahalar da kanshi zuwa gaishe ni, don ni ɗiyarta ce.